Ciwon baya ya hana ni zaman keke, tausa za ta yi ko in tahi wajen wanzami?

Sani Tela:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Dan Allah shawara nike nema. Ni tela ne a Bagalam, shekara 14 ina bisa keke, to tun bayan ɗinkin sallar layya bayana ya riƙe, nan ƙasa wajen ƙugu da kuma tsakanin kafaɗu kamar an aza mini dutse. In na tashi da asuba sai na dafa bango kahin in miƙe, ruku'u ma da ƙyar. Wata biyu ke nan kullum ina shan diklofenak da nike saye wajen mai tebur, da farko ƙwaya ɗaya ta ishe ni yanzu sai biyu, kuma cikina ya hwara zahi. Wani abokina ya ce in tahi a yi mini ƙaho, mai ɗakina ta ce tausa da man kaɗe, wani kuma ya ce tausar ma kala-kala ce har da wadda ake taka mutum da ƙahwa. Ni dai na rikice. Wace ce ke maganin ciwo, wace ce ta hutu kawai? Wanda ya sani ya taimaka, ga rantire wato komawar yara makaranta ta matso kayan 'yan lakwal sun taru a shago ban iya zama.

Maman Nafisa:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam Sani, Allah ya ba ka lahiya. Abu na farko da zan roƙe ka, ka aje ƙwayoyin nan tun yau, zahin cikin da kake ji su ne. Maigidana direban kamiyo ne, Maradi zuwa Ƙonni zuwa Yamai, in ya dawo bayanshi kamar icce, abin da nike mishi shi ne in dafa ruwa in tsoma tawul in matse in aza mishi a ƙugu sau biyar ko shida, in jiki ya yi laushi sai in narka man kaɗe a tahin hannu in bi gehen ƙashin baya dama da hagu da babban yatsa, daga ƙasa in yi sama, sannu sannu. Ba ni taɓa tsakiyar ƙashin. Kahin in gama ya yi barci. Mai ɗakinka ta yi gaskiya.

Lawali Kabu-kabu:
Ƙaho kawai yaya. Ni wuni nike bisa moto, hanyar Tibiri, hanyar Madarunfa, ramukan nan duk a bayana suke ƙarewa, duk wata uku sai na tahi an yi mini, in ka ga baƙin jinin da ke hita wlh sai ka yi mamaki. Washegari jiki sakayau.

Ibro Kine:
Sannu Malam Sani. Ni aikina ke nan, kine ne ni wato mai gyaran jiki da tausa da motsa gaɓoɓi a likita, kullum da bayan mutane nike wuni. Amma kafin a yi maganar wace tausa, amsa mini waɗannan tsakaninka da Allah. Ciwon shina sauka cikin ƙafa har ya wuce gwiwa? Akwai inda ka ji ya mutu ko shina yi maka kamar tafiyar kiyashi? Fitsari ko bayan gida ya taɓa kuɓuce maka, ko fitsarin ya ƙi fita? Kana zazzaɓi da dare, kana rama, kana tari? Ka taɓa faɗuwa ko haɗarin moto kwanan nan? Ina tambaya ne don akwai ciwon bayan da ba na nama ba ne, tarin fuka ma shina kama ƙashin baya ya ci shi, ƙoda ma tana aiko ciwo baya, irin waɗannan in aka tsaya murza su da mai lokaci kawai ake ɓatawa. Sannan maganar cikinka ta fi damuna yanzu. Diklofenak shina cin bangon ciki kuma shina taɓa ƙoda, in ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta kar ka jira gobe, likita kai tsaye. Ko bai yi baƙin ba ka tafi a duba ka.

Sani Tela:
Na gode ƙwarai Malam Ibro. Bai sauka ƙahwa ba, iyakarshi ƙugu da ɗuwawu kaɗan, babu zazzaɓi babu rama, fitsari lahiya lau, ban faɗi ba. In na yi tahiya kaɗan yakan sake ni, in na zauna bisa keke awa ɗaya ya dawo. Bayan gida ban ga baƙi ba alhamdulillah.

Ibro Kine:
Alhamdulillah, yadda ka faɗa ya fi kama da na nama da zama, kuma irinshi ne tausa ke yi wa amfani. Ba kai kaɗai ba ne, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne a duniya ke fama da ciwon ƙasan baya. Bari in warware maka kalolin da ka tambaya.

Wadda aka fi sani ita ce ake ce ma tausar Suwidin, sunan ya samo asali daga wani Per Henrik Ling da ya buɗe makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813, amma sunayen salon hannun wani likitan Holan ne Mezger ya tsara su da faransanci, da su munka koya a makaranta: efuloraj wato shafa da tafin hannu ana bin jiki, petirisaj wato cuɗa nama kamar mai kwaɓin fulawa, firiksiyo wato murza wuri ɗaya da kan yatsa, tapotima wato bubbugawa da gefen hannu. Wannan da mai ake yi, ba ta da zafi, ta fi kyau ga gajiya da rashin barci da jikin da ya ɗaure don damuwa. Abin da Maman Nafisa ke yi ma maigidanta kusan shi ne, har ta ƙara da gashi wanda ni ma da shi nike farawa.

Sai mai zurfi, ita hannu ke shiga a hankali da gwiwar hannu ko dunƙule har ya kai naman da ke ƙasa. A cikinta ne ake neman ƙullin nan da in an danna sai ka ji ciwon ya harba wani wuri, teloli da masu aikin biro tsakanin kafaɗa da wuya yake zama musu, masu moto a ƙugu da ɗuwawu. Ana danna shi a riƙe kamar rabin minti zuwa minti ɗaya sai ka ji ya saki. Tana da zafi amma zafin da kake iya numfashi a cikinshi, in har kana riƙe numfashi kana cije haƙori to an wuce gona da iri, naman ƙara ɗaurewa zai yi. Wannan ce nike ganin ta dace da kai.

Akwai ta 'yan ƙwallo kafin wasa da bayan wasa. Akwai wata mai laushi sosai da wani mutumin Danmak mai suna Vodder ya fito da ita a shekarun 1930, ta janye ruwan da ya taru a hannu ko ƙafa ce, kamar matan da anka yi ma aikin kansar nono hannu ya kumbura, ita sai wanda ya koya. Akwai ta tafin ƙafa da suke cewa kowane wuri a ƙafa na da alaƙa da hanta ko ƙoda, tana da daɗi tana sa barci, amma ban yarda tana warkar da hanta ba kuma kar wanda ya karɓi kuɗinka da wannan sunan.

Gaskiyar da nike gaya ma kowa ita ce sauƙin tausa na kwanaki ne. In ka koma kan kujerar da ta sa ka ciwon yadda ka saba, ciwon ma zai koma.

Alhaji Mai Kwantena:
Ta takawa da ƙahwa ni an yi mini, bari in ba da shaida. Lokacin da nike zuwa saro kaya Bankok, bayan zaman jirgi da yawon kasuwa ƙahwahuna sunka kumbura bayana ya sanƙare, wani ɗan uwa ɗan Kano ya kai ni. Su ba su tuɓe ka ba, wasu kaya masu faɗi suke ba ka ka sa, babu mai ko kaɗan, bisa katihwa a ƙasa, mutumin ya yi ta lanƙwasa ni yana jan hannu yana tura ƙahwa yana danna cinya da gwiwarshi da diddige, awa biyu cur. Ina tashi na ji kamar an kwance ni daga ɗauri. Su can abin gado ne, akwai makarantar koyon ta a Wat Pho, wani wurin bauta a Bankok, har UNESCO ta sa wannan tausar ta Tailan cikin al'adun gadon duniya a 2019. A Gwanzu kuma ta 'yan Sin ce tuina, ita ta fi ƙarfi da sauri, murza da dannawa. Amma Malam Sani in gaya maka gaskiya, da ciwo sabo irin naka ban ba ka shawarar ta Tailan ba, lanƙwasar ta yi yawa, mai lahiya ta fi dacewa da shi.

Ibro Kine:
Haka ne Alhaji. Shiyatsu ta Japan ma danginsu ce, da kaya a jiki, danna babban yatsa ne wuri bayan wuri.

Malam Habu Limanci:
Allah ya saka da alheri. Game da ƙaho kar a ɗauke shi al'ada kawai, ya tabbata a Bukhari daga Ibn Abbas cewa an yi ma Manzon Allah SAW ƙaho kuma ya ba mai ƙahon ladarshi, kuma ya ce waraka tana cikin abu uku, shan zuma da tsagar mai ƙaho da lalas da wuta, sannan ya hana al'ummarshi lalas. To magani ne halattacce. Amma sunna ba ta hana a nemi sani ba, shi ya sa na ji daɗin tambayoyin da Malam Ibro ya fara da su. Abin da zan ƙara, tausa taɓa jiki ce, namiji ya nemi namiji mace ta nemi mace, miji da mata kuma su ne sunka fi cancanta su koya su riƙa yi ma juna. Wasu wuraren da ake buɗewa da sunan tausa a manyan birane kowa ya san ba ita ake yi ba, sun ɓata ma masu sana'ar gaskiya suna, har mutum na jin nauyin ya ce tausa za ya.

Jikan Wanzami:
Na gode Malam. Ni a gidan wanzanci anka haihe ni, kakana da babana duk da zabira sunka tsufa, ni ma na riƙe ƙaho tun ina yaro kahin in koma kasuwa. Yadda muke yi, a wanke wurin, a aza ƙahon a zuƙe iska ta ƙaramin ramin da ke sama a toshe, hwata ta taso, a cire a yi 'yan tsaga ƙanana marasa zurhi, a mayar a sake zuƙa jini ya taru. Akwai kuma wanda ba a tsagawa, zuƙar kawai, shi ne wanda duniya ta gani a kafaɗar mai ninƙayar nan na Amurka Michael Phelps a wasannin Rio 2016, tabo zagaye zagaye, turawa na ta mamaki alhali mu tun kaka da kakanni muke yi. Babana bai taɓa yi ma mai ciki ba, bai yi ma wanda ya yi fari fat don ƙarancin jini, bai yi ma mai sikila, kuma in mutum ya zo da kumburi mai zahi ja sai ya ce wannan ba nawa ba ne tahi likita. Abin da ke ba ni haushi yanzu kowa ya sayi kofunan roba da famfo a kasuwa ya ce shi mai hijama ne, bai san wurin da jijiya take ba bai san wanda ba a yi ma ba.

Ibro Kine:
Babanka ya san aikinshi, Allah ya jiƙan magabata. Zan ƙara mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini. Abu biyu kawai nike so mu fahimta. Na ɗaya reza, dole sabuwa a buɗe ta gabanka, ƙahon ko kofin ma a tabbata an tsabtace shi sosai ko kowa da nashi, don ciwon hanta epatit B da sida ta jini suke bi kuma epatit B na iya kwanaki a busasshen jini bai mutu ba. Na biyu maganar baƙin jini da Lawali ya yi. Jinin da ke fitowa daga ƙananan jijiyoyin fata dama duhu gare shi, in ya zauna cikin ƙaho ya daskare ya ƙara baƙi, ko lafiyayye anka yi ma haka za a gani. Ba wani mataccen jini ne da ya kwanta a baya ba. Sauƙin da ake ji gaskiya ne ban musa ba, zuƙar tana jan fata da nama tana sa wurin ya saki.

Lawali Kabu-kabu:
A'a Malam Ibro nan kam ban yarda ba. Ni na gani da idona, na ƙugu ya fi na kafaɗa baƙi da kauri, kuma ƙugun ne ke ciwo. In duk ɗaya ne mi ya sa sunka bambanta?

Ibro Kine:
Wanda ya fi daɗewa a jiki da wanda tsagar ta fi zurfi shi zai fi yawa da kauri ƙanena. Ban ce ka bari ba, amma duk wata uku ana zubar maka da jini kana wuni cikin rana, ka je a auna jininka ko sau ɗaya.

Jikan Wanzami:
Mu dai mugun jini munka taso muna ji ana cewa kuma ban iya canza bakin kakana, amma maganar reza gaskiya ce ɗari bisa ɗari, babana da kanshi ya bar aska ɗaya ya koma reza sabuwa tun da anka hwara wayar da kai a rediyo. Malam Sani in za ka yi, hwara da na zuƙa marar tsaga ka gani.

Hajiya Sajfam:
Tun da an taɓo gashi bari in sa baki don mata na karantawa. Tausa a wajenmu mu sajfam, ungozomomin likita, ba sabon abu ba ce, a ɗakin haihuwa in naƙuda ta yi zafi murza ƙugu da tafin hannu na rage wa mace azaba sosai, nakan koya wa mai rakiya ta riƙa yi. Jariri ma shafa shi da man kaɗe a hankali bayan wanka na sa shi barci, ban da jan ƙafa da wuya da jefa shi sama da wasu ke yi wai ya yi ƙwari. Inda nike da magana shi ne wankan jego. Ruwan ɗumi da ganye a gasa jiki babu laifi, amma ruwa na tafasa a fyaɗa wa mace safe da yamma kwana 40, ga kunun kanwa kofi kofi, ga kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, wannan na gajiyar da zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya sunka yi bincike kan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, sunka ga zafin nan da gishirin kanwa na da hannu a ciki. Duk mai jegon da ƙafafunta sunka kumbura tana haki in ta kwanta, ba gashi take buƙata ba, a kawo ta. Sannan wannan ku riƙe shi da kyau: in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sha-raɓa na zafi, KAR a murza. Jini ne kan daskare a jijiya, in an tausa ya ɓalle ya tafi huhu, mace na zaune sai ta faɗi.

Inna ta Tibiri:
Ɗiyata ni haihuwa tara na yi duk da wankan jego da ganyen bedi da runhu kuma ga ni lahiya lau, 'yan yanzu da ba su yi su ne kullum baya kullum sanyi. Ungozomarmu in ta gasa ki ta murza miki ciki da baya sai kin ji kamar ba ki haihu ba. Kar ku raba mu da abin da munka gada.

Hajiya Sajfam:
Inna Allah ya ƙara lahiya, ba raba ku za mu yi ba wlh, ni ma an yi mini. A surka ruwan ya zama wanda gwiwar hannu ke iya jurewa, a rage kanwa, wadda anka yi wa aiki ko mai tansiyo wato hawan jini a bar ta sai abin da likita ya ce. Hannun ungozoma mai sani ni ina girmama shi, na ga dai waɗanda ba su yi sa'ar da kika yi ba shi ya sa nike magana.

Rabi'u Jiratawa:
Ni abin da ya same mu ne zan faɗa don wani ya tsira. Ƙanena ya faɗi da moto hannu ya kumbura wajen gwiwa, anka ce targaɗe ne, anka kai shi wajen wani mai ɗori a wani ƙauye, ya ja hannun ya murza da mai yaro na ihu, ya ɗaure da karare tamau. Kwana biyu yatsu sunka yi sanyi sunka canza kala, yaron bai barci, munka koma ya ce haka ɗori yake a yi haƙuri. Da munka kai likita anka yi radiyo wato hoton ƙashi ashe karaya ce, ɗaurin ya hana jini wucewa. Allah ya sa ba a yanke ba amma har yau yatsunshi a lanƙwashe suke bai iya riƙe hauya. Har yanzu in na tuna ihun yaron nan raina ɓaci yake, don da hannuna na riƙe shi anka ja. Ban ce duk masu ɗori haka suke ba, akwai na ƙwarai, amma dan Allah duk abin da ya biyo bayan faɗuwa a yi radiyo tukuna kahin kowa ya sa hannu.

Ibro Kine:
Allah ya ba shi lafiya Rabi'u, abin ya taɓa ni. Ka kawo shi sashen kine a gani, ko an daɗe wani lokacin ana samun ɗan motsi ya dawo. Ko targaɗen gaske ne ma kwana biyun farko ba a murzawa ba a gasawa, hutu ne da sanyi da ɗaga wurin sama. Kuma duk ɗaurin da yatsu sunka yi sanyi ko sunka mutu a kwance shi nan take.

Zainabu Ali Dan Sofo:
Malam Ibro dan Allah ni ma tambaya. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu ke nan, kullum muna murza mata hannu da ƙahwa da man zahi safe da dare amma hannun bai motsi, ko akwai man da ya fi?

Ibro Kine:
Sannu da ƙoƙari 'yar uwa, Allah ya ba ku lada. Ba a mai take ba. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, hannun lafiyarshi lau saƙo ne bai isowa. Tausar na da amfani don kar gaɓoɓi su sanƙare kuma tana jin ana kula da ita, amma abin da ke dawo da motsi shi ne ita da kanta ta yi ta gwadawa, ta kama kofi, ta buɗe yatsu, ta zauna ta tashi da taimako, sau da yawa kullum, kuma watannin farkon nan su ne sunka fi albarka kar ku bari su wuce. Kar ku ɗaga ta ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Man zafi da ruwan zafi ku yi hankali don wataƙila ba ta ji sosai a ɓarin, sai ta ƙone ba ta sani ba, masu suga ma haka a ƙafa. A riƙa juya ta a gado, a ci gaba da maganin tansiyo.

Maman Nafisa:
To yaran da muke sa wa su taka mana baya fa? Ni tun ina ƙarama nike taka ma kakata.

Ibro Kine:
Ƙaramin yaro marar nauyi a cinya da ɗuwawu ga babba mai ƙarfi da sauƙi, amma ban da tsakiyar ƙashin baya da wuya, kuma ban da tsofaffi don ƙashinsu ya yi taushi haƙarƙari na iya tsagewa. Haka murɗe wuyan da wasu masu aski ke yi har ya yi ƙas, ku ce a'a, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan sunka bi.

Alhaji Mai Kwantena:
Malam Sani in kana son bel ɗin ɗaure ƙugu akwai a shagona ka zo ka ɗauka kyauta.

Ibro Kine:
Allah ya saka Alhaji, amma ya bar bel ɗin. A ƙa'idojin da OMS ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe ta sa tausa da motsa jiki cikin abin da za a iya yi, bel da magunguna dangin tramol kuma ta ce kar a dogara da su. Malam Sani ga naka: gashi minti 15, mai ɗakinka ta yi maka irin ta Maman Nafisa, ka samu ƙwallon tenis ka sa tsakanin kafaɗarka da bango ka jingina kan ƙullin. Duk rabin awa ka tashi daga keke ko da zagaya shago ne. In sati biyu zuwa uku babu canji ko ya fara sauka ƙafa ka zo a duba da hannu.

Sani Tela:
Slm 'yan uwa na dawo da labari, yau kwana 12. Na tahi likita kamar yadda anka ce, sun ce cikin ya hwara gurjewa sun ba ni magani sun hana ni diklofenak ɗin. Mai ɗakina na karanta mata abin da Maman Nafisa ta rubuta, kullum bayan isha tana gasa mini ta murza, ranar farko ta danna da ƙarhi har na kwana da tsami sai na tuna maganar numfashi na ce ta rage. Ƙwallon tenis na samu wajen masu kayan bosho, akwai wani wuri ƙarƙashin kafaɗar dama da in na jingina sai in ji shi har cikin kai, yanzu ya ragu sosai. Abin da ban taɓa lura ba sai da na tsaya na duba, bencin da nike zama ya yi ƙasa da keken kuma ƙahwa ɗaya ta karkace, shekaru ina zaune a gicce. Ruku'u yanzu ina yi ba dafa komi, amma in na zarce awa biyu ina ɗinki ƙugun na dawowa, kuma in aiki ya kama ni mantawa nike in tashi. Ƙahon ban yi ba tukuna, Jikan Wanzami in na tashi zan neme ka ka nuna mini mai hannu mai kyau.

Jikan Wanzami:
Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Duk ranar da ka shirya yi mini magana ta ciki.

Ibro Kine:
Alhamdulillah. Sa ƙararrawa a waya duk minti 30. Bencin kuma in za a yi maka sabo, kafinta ya zo shagon ya auna ka kana zaune gaban keken, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo, gwiwar hannu ta yi daidai da teburin ba sai ka ɗaga kafaɗa ba, a sa mishi majingina.

Sani Tela:
To akwai kahinta nan bayan shagonmu, gobe da sahe in sha Allah zan kira shi ya zo da mitarshi.